Ka Rage Ƙasashen Nan, Ƙanena

Kolon, Jamus
Daren Lahadi, watan Fabrairu

Ƙanena,

Ya gida, ya aiki, ya matar tamu da yaran? Ya kuma sanyin Bamingham? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Jiya mun yi waya da Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi, sai dai ta ce har yanzu in ta daɗe a zaune sai ta riƙe.

Taswirar da ka turo ta iso. Baban yara ya duba ya yi ta dariya, ya ce a gaya maka ko shi da ya shekara da shekaru yana tuƙi a titunan nan ba zai karɓi wannan kwangila ba. Ni kuwa biro na ɗauko. Da gangan na ƙi yi maka saƙon murya, don na san halinka: ka saurari rabi, ka ce "to Yaya", magana ta bi iska. Wannan ka zauna da maman yara ku karanta tare, don da ita ma nake.

Niyyar dai ta yi kyau, Allah Ya saka maka. Hajiya ta zo hutun bazara, ka ɗebe ta da jikokinta a mota ɗaya a zaga, ba ƙaramin alheri ba ne. Lissafin ne bai yi ba. Faris, Barsalona, Rum, Benis, Biyana, Firag, Balin, Amsadam, birni 8 a kwana 16. Na bi layin da ka ja na tara, har da zuwa bakin teku da komawa gida, ya haura kilomita 6,000. Wato kullum ta Allah sai kun ci kusan kilomita 400, babu ranar hutu ko ɗaya. Faris zuwa Barsalona kaɗai, da ka rubuta wa "rana ɗaya", ta kai Kano zuwa Legas. Direban babbar mota ma a Turai ƙa'idarsa awa 9 ne a rana, kuma duk bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45, shi da ba ya ɗauke da tsohuwa mai ciwon ƙafa da ɗan shekara 3. A wannan tsari naka abin da yaran za su gani shi ne ƙeyarka da gidajen mai. Maman yara kuma kullum da asuba tana haɗa kaya, kullum da dare tana kwancewa, a otal ɗin da ba ta san inda za ta ɗora tukunya ba.

Abin da nake so ku yi shi ne ku kafa sansani uku, ku riƙa fita daga nan kuna dawowa. Kwana 4 a wurina, kwana 5 a Baƙin Daji da ke kudancin Jamus, kwana 4 a duwatsun Suwizalan, sannan kwana 2 a Faransa a kan hanyar komawa. Duka da 'yan zagaye zai tashi kamar kilomita 3,000, rabin naka ke nan, kuma ranakun doguwar tafiya ba su wuce biyar ba.

Mu fara da takardu, don su ne ba sa jiran kowa. Yaran fasfon Birtaniya gare su, ba ruwansu da biza. Kai da maman yara kuwa koren fasfo ne, zaman Ingila bai ɗauke muku bizar Shengen ba. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya, wato ƙofa ta riga ta buɗu. Kuɗin Yuro 90 ne kowane babba, ba shi ne wahalar ba. Samun ranar ganawa ce wahalar, in bazara ta matso sai ka yi ta leƙa shafin kana ganin ba gurbi. Ƙa'ida ita ce a nema a wurin ƙasar da za a fi daɗewa cikinta, kuma a tsarina kwana 9 cikin 15 a Jamus ne, ka ga ba gardama. Za su nemi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, shaidar masauki, tikitin tsallakawa, da fasfon da zai rage wata 3 ko fiye bayan fitowarku.

Ta Hajiya ce ta fi damuna. Kai ka ɗauka in ta sauka Ingila sai ku je Landan a buga mata. Ba haka abin yake ba. Mutum a ƙasar da yake zaune yake neman bizar Shengen, ita kuwa baƙuwa ce a Ingila, don haka a Najeriya za ta nema kafin ta taso. In aka yi sake ta iso babu ita, to sai dai ku bar ta a gida ko ku fasa gaba ɗaya. Ni zan je ofishin kula da baƙi na nan Kolon in cika takardar ɗaukar nauyi, wadda ke nuna cewa cinta da shanta da maganinta duk a wuyanmu suke, in aika mata asalin takardar ta haɗa da nata. Su ma sai da ranar ganawa, shi ya sa nake gaggawa.

Tsallakawa kuma, ina ganin ku zo ta rami ku koma ta ruwa. Jirgin ƙasan LeShuttle daga Folkestone zuwa Calais minti 35 ne, kuna cikin motarku, Hajiya ba ta hawa bene, in ta so ta fito ta miƙe ƙafa a gefen mota. Jirgin ruwan Dover awa ɗaya da rabi yake yi, ku bar shi sai dawowa yaran su ga fararen duwatsun gaɓar Ingila suna matsowa. In za ka ɗora akwati a saman mota, kuma da mutum 6 dole ka ɗora, ka auna tsayin, don abin da ya wuce mita 1.85 tarago dabam ake saka shi, tun wurin sayen tikiti ake faɗa. Jami'an Faransa tun a ɓangaren Ingila suke duba fasfo, kuma tun Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, layi ya ƙara tsawo. Kada ka kuskura ka taso Juma'a ko Asabar ɗin da aka ba da hutun makaranta, duk Ingila a Dover take kwana. Ka taso Laraba da sassafe. Agogo kuma ka ƙara masa awa ɗaya da kun fito.

Yanzu ga maganar da za ka gaya wa Hajiya da kanka, ni ba zan iya ba. Tun Janairun 2021 an hana shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga Birtaniya zuwa Tarayyar Turai. Kilishi, dambun nama, man shanu, kindirmo, har burodin da aka saka nama a tsakiya, duk a ciki suke. Madarar jarirai ce aka ɗaga wa ƙafa. Ba kowace mota ake buɗewa ba, amma in an buɗe taku a kwandon shara zai ƙare tana kallo. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, garin kunu, waɗannan ku taho da su. Nama kuwa akwai mahautan Turkawa a bayan layinmu.

Motar ma tana da nata takardun. Asalin takardar mallaka ta V5C, lasisi, inshora, da inshorar janwe mai aiki a Turai, wannan kada ka yi mata rowa. Sitikar UK a baya, don ta GB ta daina aiki tun 2021. Si-koshin, da riga mai ƙyalli ta kowa da kowa, a cikin mota inda hannu zai kai, ba a ƙarƙashin akwatuna a but ba. Fitilun gaba a manna musu abin karkatar da haske don kada ka kashe wa masu tahowa ido. Sai sitika biyu na hayaƙi: koriyar Jamus, wadda in babu ita ba ka isa ka shigo unguwarmu ba, tararta Yuro 100, da Crit'Air ta Faransa mai kimanin Yuro 5 a shafin gwamnatinsu. Ka kula da shafukan 'yan tsakiya masu ninka kuɗin. Kujerun yara kuma, a Jamus duk yaron da bai kai shekara 12 ba kuma bai kai santimita 150 ba sai da kujerarsa. Ka tsayar da babbar 'yarka a jikin bango ka auna ta, kada ta ce maka ta girma.

Tuƙin hannun dama ba a babbar hanya yake kayar da mutum ba, a can kowa gaba ya nufa. Haɗarin yana ranar ta biyu ko ta uku, lokacin da ka saki jiki: ka fito daga gidan mai da safe, titi fayau ba mota, hannu ya koma abin da ya saba. Ka ɗora wa babban namijin aiki, duk sanda ka tayar da mota ya ce "Baba, dama!" Zai ji daɗin muƙamin, kuma ba zai manta ba. Shataletale ta dama ake shiga. Tunda sitiyarinka a dama yake, ba ka ganin gaba in kana bayan tirela, maman yara ce idonka, ita ce kuma za ta miƙa kati a kowane tolget. Allon sunan gari shi kansa umarni ne ka sauko zuwa 50. A cikin unguwa kuma, mahaɗar da ba alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya ko da daga lungu ya fito.

Daga Calais zuwa ƙofar gidana kilomita 400 da 'yan kai ne ta hanyar E40, babu tolget ko ɗaya. Ku tsaya Bruges ku ci abinci ku ga magudanan ruwan garin. Kada ka kutsa tsakiyar Ghent ko Burasal, motar waje sai an yi mata rajista ta intanet kafin ta shiga, ka bi ta zagaye. A iyakar Jamus wajen Aachen an dawo da bincike tun Satumban 2024. Ba kowa suke tsayarwa ba, amma baƙar fata cike da mota mai lambar Ingila, ka sa a ranka za a iya ɗaga muku hannu. Fasfo shida a jaka ɗaya a gaban mota, a gaisa a wuce.

Na san abin da ke ranka game da titin Jamus, tun kana yaro kake maganarsa. Gaskiya ne akwai wuraren da ba iyaka, amma hukuma 130 take ba da shawara, kuma mota mai mutum 6 da akwati a ka ba ta wasan tsere ba ce. Ka duba madubi sau biyu kafin ka shiga layin hagu, ɗigon da ka hango can nesa kafin ka ƙifta ido yana bayanka yana watsa maka fitila. Ba a wuce mota ta dama. In go-sulo ya haɗu, na layin hagu su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar tsakiya wa motar asibiti, tun kafin a ji jiniya.

Kwana huɗun nan na Kolon na hutawa ne da zumunci, yaranmu su san juna. Ranar Juma'a mu je babban masallacin Ehrenfeld, mai kubba ta gilashi da siminti da hasumiya biyu masu mita 55. Tun Oktoban 2022 ake kiran sallar Juma'a a can da lasifika, Hajiya za ta so ta ji wannan a ƙasar Turawa. Babbar majami'ar garin kuma ko don gini a gan ta: an aza tubalinta a 1248, ba a gama ba sai 1880, tsayinta mita 157. Masu ƙarfin gwiwa su hau matakala 533, mu da Hajiya mu jira su a bakin kogi. Da dare mu tsallaka Keupstraße mu ci gashin Turkawa. Asabar ta cefane ce, don ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke a duk Jamus, sai dai a tasha ko gidan mai.

Lahadin ku kama hanya, ranar ce manyan motoci ba sa hawa titi sai goma na dare. A Koblenz ka sauka daga babbar hanya ka bi B9 ta bakin kogin Rhine zuwa Bingen. Kilomita 65 ne kacal, kuma ni a wurina ya fi rabin biranen da ka lissafa. Kogi a hagunka, jiragen dakon kaya suna jan ciki, gonakin inabi sun hau dutse a tsaye, kowace kwana ka sha sai ga tsohuwar ganuwa a kan tsauni. Wajen Kaub akwai wata da aka gina a tsakiyar ruwa tun wajen 1326, aikinta kawai tare jirage a karɓi haraji. Babu gada ko ɗaya daga Koblenz har Mainz, sai jirgin fito mai ɗaukar mota. Ku shiga na St. Goar ku tsallaka ku dawo, 'yan mintuna ne, auta zai yi ta ba da labarinsa har shekara. In da sauran lokaci, gidan tarihin injuna na Speyer yana kan hanya: Boeing 747 sukutum a kan ginshiƙai, ana shiga ciki har a taka fiffike, ga kumbon Rasha Buran a zaure.

Baƙin Daji, a allon hanya Schwarzwald za ka gani. Kada ka nemi otal. Ɗakin otal a nan da wuya ya ɗauki fiye da mutum huɗu, sai ka biya biyu, ga shi ba kicin. Ka nemi gidan haya na 'yan hutu, in da hali a cikin gona, wajen Titisee ko Hinterzarten. Yawanci manomin yana ƙasa ko a gefe, shanu da ƙararrawa a wuya, yara su bi shi ɗebo ƙwai da safe. Maman yara ta samu murhu da injin wanki, Hajiya ta samu tuwonta da baranda. Masu kyau tun hunturu ake kama su, saboda hutun makarantun jihar shi ma ƙarshen Yuli yake farawa. Ka tambayi mai gida katin KONUS, garuruwa da yawa a yankin suna ba baƙon da ya kwana, da shi za ku hau bas da jirgin ƙasa kyauta, mota ta huta kai ma ka huta. Ƙarfe goma na dare kuma a rage murya, Jamusawa ba sa wasa da wannan, mu kuwa ka san hirarmu.

Daga nan komai kusa ne. Freiburg da 'yan ƙananan magudanan ruwanta a gefen titi, inda yara ke jan jirgin katako da zare. Todtnau, inda ake hawa dutse a kujerar igiya a gangaro a keken kan dogo, kusan kilomita 3. Europa-Park a Rust, wannan yini guda ne cur, a tsakiyar mako, tikiti tun daga gida. Ranar Hajiya ta zauna, ba wurinta ba ne. Wata rana ku tsallaka kogi zuwa Colmar a Faransa, ku ɗaga kai ku ga sheƙunan wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa a kan rufin gidaje. Wasunsu in sanyi ya matso har yankinmu na Sahel suke zuwa. Rana ɗaya kuma kada ku je ko'ina. Abu guda da za a kiyaye: kaska. Akwai ta a ciyawar dajin kuma tana sa cuta, kowane dare a duba yaran, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa.

Suwizalan tana cikin Shengen, bizarku ta isa, amma ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗinta faran ne, kuma layin waya yakan ci kuɗi a can, ka duba naka. Babbar hanya sai da sitika ta faran 40, ta shekara ce ko da kwana ɗaya za ka yi, ana saya a iyaka ko ta intanet. Iyakar gudu 120, kuma tararsu ba ta da tausayi. Tsada kuwa sai ka gani. Ku yi cefane a Freiburg, sai dai nama kilo ɗaya kowane mutum aka yarda a shigar ba haraji, yara ma ana ƙirga su, ka ga kilo 6 ke nan, ya ishe ku.

Ku sauka kwarin Lauterbrunnen ko kusa da Interlaken. Kwarin nan duwatsu ne a tsaye hagu da dama, ruwa na zubowa ta wuri 72, ɗaya daga ciki, Staubbach, daga kusan mita 300 yake faɗowa a bayan gari, kafin ya iso ƙasa iska ta mai da shi feshi. Hajiya ba sai ta taka ko'ina ba, daga kan benci za ta yi ta tasbihi. Larabawan Gulf sun saba zuwa Interlaken, don haka abincin halal ba ya wuya. Za a yi ta tallata maka Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa a mita 3,454. Ni ban ba ka shawara ba: kuɗin mutum shida ya isa wani hutun, iskar can sama ba ta dace da mai hawan jini ba, in kuma gajimare ya rufe fari kawai za ku gani. Mürren ta ishe ku, ƙauye ne a kimanin mita 1,600 da mota ba ta zuwa, ga manyan duwatsu uku masu ƙanƙara a gabanku. Ku ɗauki rigunan sanyi ko da ana zafi a ƙasa. Trümmelbach, inda ruwa ke ruri a cikin dutse, ba sa barin yaron da bai kai shekara 4 ba, sai ku raba aiki. A gangara kuma ka sa ƙaramar giya, kada ka kwanta kan birki har ya yi wari. A siririyar hanya mai hawa ake ba wuri, bas ɗin gidan waya mai ruwan ɗorawa kuwa in ka ji kakakinsa a kwana, ka rakuɓe.

Na san za ka ce Italiya fa, ga ta nan bayan dutse. Haka ne, kuma nan kwaɗayi yake shiga. Ramin Gotthard kilomita 17 ne, layi ɗaya kowane ɓangare, a ƙarshen mako na bazara motoci kan yi jerin kilomita da yawa a bakinsa. Ka fita can ka tarar da zafin Agusta, masaukai da yawa ba na'urar sanyi, ga 15 ga wata hutun ƙasa ne, kowa ya nufi bakin ruwa. Tsofaffin biranensu kuma suna da unguwannin da aka rubuta ZTL, da'ira ja a farin allo, kamara na ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini. Wani abokin baban yara ya yi ta zagaye yana neman otal ɗinsa, ya wuce kamara ɗaya sau da yawa, bayan watanni takardun tara suka yi ta sallama a gidansa, kowace shiga da tata. Benis ba a shiga da mota ma sam, ga gadoji masu matakala a kowane lungu, ka tuna ƙafar Hajiya da keken auta. Ka bar Italiya wata shekarar, lokacin hutun Ista, ku hau jirgi. Faris kuwa jirgin ƙasa daga Landan awa biyu da 'yan mintuna ne, ba ta bukatar mota.

Komawa ta Basel, ku bi Alsace zuwa Strasbourg, sai A4. Nan za ka fara biyan kuɗin hanya, ka tanadi Yuro 50 zuwa 60 kafin Calais. Gudu 130, in ana ruwa 110. A gidan mai ka kula, gazole shi ne dizal. Tsarin nan ya sa za ku bi Faransa a tsakiyar mako, da gangan na yi, don Asabar ɗin ƙarshen Yuli da ta farkon Agusta masu dawowa hutu da masu tafiya suke karo, har hukumar hanyoyinsu ta Bison Futé takan shafa wa irin ranar baƙin fenti a kalandarta.

Ku kwana kusa da Verdun, ka kai manyan yaran Douaumont. A nan aka yi ɗaya daga cikin munanan faɗace-faɗacen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1916, kusan wata goma ana abu ɗaya. A maƙabartar sojojin da ke wurin, gefen dubban fararen gicciye, akwai kaburbura 592 na sojoji Musulmi suna fuskantar alƙibla, kuma a 2006 Shugaba Jacques Chirac ya buɗe wata farar kubba don tunawa da su. Cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Oktoban 1916 akwai sojojin da Faransa ta kwaso daga Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira 'yan Senegal ko daga ina suka fito. Yaranka a makaranta kowace Nuwamba ana manna musu jan fure a ƙirji don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, ya kamata su ga cewa akwai masu kama da su a ƙarƙashin ƙasar nan. Ku yi musu addu'a. Kwana na ƙarshe a Reims ko gaba kaɗan, washegari kilomita 270 ne zuwa jirgi.

Salla ba za ta ba ku wahala ba. Kuna kan hanya ƙasaru ne, inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ku cika, Hajiya ta fi mu sanin wannan babi. Buta dai kada a manta ta, da galan na ruwa da tabarmar roba. Banɗakin manyan wuraren hutawa na Jamus Yuro ɗaya ne a ƙofa mai juyawa, ku riƙe tsaba. Na Faransa kyauta ne, kuma suna da ciyawa da tebura, can gefe ka shimfiɗa sallaya ba mai ce maka kanzil. Hijabi ba matsala a titi. Rufe fuska ne doka ta hana a Faransa da Beljiyam, Suwizalan ma ta bi sahu tun Janairun 2025, ka gaya wa maman yara ta ajiye niƙabin a gida.

A kanti kalmomin da za ku guje wa kaɗan ne: a Jamus Schwein, Schinken da Speck, a Faransa porc, jambon da lardons. Alewar roba ta yara galibi da gelatin na alade ake yi, ku sayi ta shagon Turkawa. Shahararren kek ɗin Baƙin Daji da barasar cherry ake jiƙa shi, narkakken cukun Suwizalan da ake tsoma burodi shi ma da giya ake dafa shi, kada kyan ido ya ja ku. Kula babba da filas biyu su za su cece ku a hanya. Ka riƙe 'yan takardun Yuro kuma, har gobe akwai shagunan Jamus da ba sa karɓar kati. Lambar gaggawa 112 ce a duk inda kuke.

Abin da nake jira daga wurinka kafin Lahadi mai zuwa: hoton fasfon Hajiya, ranar da makarantar yaran za ta rufe, da hoton V5C in sayo maka koriyar sitika a nan. In kun amince da tsarin, zan tura wa maman yara gidaje uku da na gani wajen Titisee, ita za ta zaɓa, ba kai ba. Ka kuma tambayi Hajiya maganin hawan jininta na wata nawa za ta taho da shi, ta haɗo da takardar likita.

Ka gaishe min da matar tamu da kyau, ka shafa min kan yaran. Nawa suna ta tambayar wa zai kwana a ɗakin wa. Allah Ya kai mu lokacin lafiya, Ya tsare hanya.

Wassalam,
Yayarka